Wasiƙa zuwa ga ƙarfina da ya tafi ba sallama

Ya ƙarfina,

Daga Anka nake rubuto maka, a kan tabarmar da ka bar ni. Ka san ni sarai. Ni ce mai tashi kafin assalatu, in surfa gero, in shirya yara, in tsaya gaban allo har azahar, da la'asar kuma in je barka ko gaisuwa. Ban taɓa gode maka ba, don na ɗauka ni da kai mutu-ka-raba ne.

Sannu a hankali ka zare jiki. Sanyi ya fara zuwa: ina neman bargo a watan Afrilu, lokacin da kowa ke kwana tsakar gida. Gashina ya riƙa zuba a hannun makitsiya, fata ta bushe, sunayen ɗalibaina suka soma kuɓuce mini. Inna ta zargi gubar dalma, domin a ƙasar nan ba wanda ya manta 2010, shekarar da ƙurar dutsen zinari ta yi ajalin yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Surukata ta ce iska ce. Wasu suka ce son jiki ne, a bayan idona.

A Gusau likita ya lalubi wuyana, ya sa aka ɗebi jini. Ya ce akwai ɗan nama a gaban maƙogwaro mai siffar malam-buɗe-littafi, wanda kumburinsa muke kira maƙoƙo, shi ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. Nawa ba rashin aidin a gishiri ya taɓa shi ba, garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙarsa. Ciwon Hashimoto ake ce masa, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912, kuma ya fi kama mata. Ashe ɓarawon a cikin gida yake kwana.

Aka ɗora ni kan ƙwayar levothyroxine, kullum guda, har ƙarshen rai. Ina haɗiye ta da ruwa zalla bayan sallar asuba, in jira kusan awa ɗaya kafin koko. Awarar da nake so na mayar da ita yamma, don waken suya na tare wa maganin hanya. Duk sanda aka sauya mini awo, sai in ƙirga mako shida, in hau motar Gusau da addu'a a baki saboda halin hanya, a sake gwajin da suke kira TSH.

Yanzu takarda ta ce komai ya daidaita. Kai ne dai ba ka karanta takardar ba. Maƙwabta na cewa, “Malama, ai kin warke, ga shi har kin yi ƙiba.” Sai in ce Alhamdu lillahi, in shige. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na yi fushi da kai, na gaji da fushin. Na koma wurin likita na ce a duba wani abin, aka tarar jinina ya yi ƙasa, aka ƙara mini ƙwayar ƙarin jini, da sharaɗin awa huɗu tsakaninta da ta safe. Ka ɗan leƙo, kamar baƙon da ya ƙi cire takalmi.

Don haka na koyi auna ka da mudu, yadda ake yi wa hatsin rumbu in damina ta yi nisa. Ranar wanki ba na zuwa unguwa. Gero na kai shi inji. A aji ina koyarwa a zaune, yaran kuma ba su fasa ganewa ba. Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki in ce wa maigida, “Yau ba zan iya ba.” Ranar farko na yi kuka. Shi kuwa ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya.

Ban ce ka dawo yadda kake da ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Bayan babbar salla za a kai 'yar ƙanwata ɗakinta a Gummi, ni ce uwar biki. Tun yanzu na fara tara ka, ina rage unguwa, ina kwanciya da wuri. Ka ba ni yini biyu cur, in jera mata kwanoni da hannuna. Na uku, tabarma na nan.

Taka,
Malamar aji uku, Anka