Wasan Sikotilan da Muka Kalla da Kunne

A daminar 1989 babu jihar Kebbi tukuna, sai 1991 aka yanke ta daga Sakkwato. Garinmu Zagga kuwa ba gidan kallon ƙwallo ko ɗaya. Rediyo ne filin wasanmu. Idan an taso daga gona, aka yi Magariba, sai mu kewaye shi a ƙofar wani mai tebur, wanda yakan shanya batur a rana wai don ya ƙara kwana.

A watan Yunin 1989 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 16 a Sikotilan. Muna ji da kanmu a lokacin. Najeriya ce ta ɗauki kofin farko a Sin a 1985, kuma a Fabrairun 1989 ɗin yayyen yaranmu suka farke ci huɗu da Tarayyar Sobiyat ta yi musu a Dammam. A cikin yaranmu kuwa, ga Victor Ikpeba, ga Godwin Okpara. Wa zai tare mu?

Saudiyya ta tare mu. A Dundee aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, yaranmu suka yi ta zubarwa, aka koro su gida.

Daga nan majalisarmu ta rabe biyu. Samari suka ce duk wanda zai rama mana shi muke so, ko da mai masaukin baƙi ne. Dattawa kuwa, waɗanda jiya-jiya suke kiran ƙwallo aikin banza, suka tashi tsaye suna goyon Saudiyya. Wani alhaji ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ƙasar da na je na yi ɗawafi za ka yi wa mugun fata?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, ƙwallo ce kawai." Bai yarda ba.

A wasan ƙarshe, a filin Hampden na birnin Gilasgo, mutum fiye da dubu 50 suka shiga. Sikotilan ta zura biyu, ta samu fenariti, Brian O'Neil ya ɓarar. Saudiyya ta farke duka biyun, ta cinye a bugun fenariti da ci 5 da 4, O'Neil ɗin ya sake ɓararwa. Turawa suka yi ta ƙorafin cewa yaran Saudiyya sun girmi shekarunsu. Mu dai ba mu ce uffan ba, don mun san irin maganar da ake yi a kan namu.

Abin mamaki, ba wanda ya ga ko fuskar ɗan wasa ɗaya a cikinmu, amma har kaka ana gardamar yadda aka buga. Kowa da nasa Hampden a ka. Masu fatauci da ke dawowa daga Lolo da Ilo sukan ƙara da abin da suka ji a rediyon Faransanci na ƙetaren iyaka, gardama ta koma sabuwa.

Sai a 2012 na ga wani filin Sikotilan da idona, a talabijin ɗin gidan kallo, janareta na ruri, daren da Celtic ta doke Barcelona 2 da 1. Efe Ambrose, haifaffen Kaduna, yana tsaron baya. Ɗakin cike yake da magoya bayan Messi, kuma da alƙalin wasa ya hura tashi suka kwashi takalmansu suka fice, ba sallama.