Idon da ya tona asirin ƙoda

Ban taɓa ganin ido irin wannan ba! A nan Greensboro ta Amurka, inda 'yan Nijar suka yi yawa, wata ƙanwata 'yar Maraɗi ta roƙe ni in raka ta asibiti in yi mata tafinta. Jaririnta ba ya son haske, idanunsa sai rawa suke. Likita ta haska, ta ce in leƙa. Baƙi wuluk! Zoben nan da ke kewaye da tsakiyar ido, mai tsukewa in haske ya yi yawa, babu shi. Aniridiya suke kiransa.

Sai ta rubuta takardar sikanin ƙoda. Ƙoda fa! Uwar ta dafa ni: "Yaya, gaya mata ido ne ke damunsa."

Ashe a kan kiromosom na 11 akwai ƙwayoyin gado biyu maƙwabtan juna: PAX6 mai tsara ginin ido, da WT1 mai kula da ƙoda da al'aura. In guntun wurin ya ɓalle, tare suke tafiya, kamar gobara ta ci shaguna biyu masu bango ɗaya. Shi ne ciwon WAGR. Kusan rabin yaran da ke da shi kan kamu da sankarar ƙoda ta Wilms, shi ya sa ake musu sikanin duk wata uku har su kai shekara 8. Yanar ido da hawan jinin ido ma kan biyo baya, ga jinkirin koyo. Gwajin jini ne zai nuna ko WT1 na nan. Galibi kuma ba daga iyaye ake gadonsa ba, balle a ɗora wa auren zumunci ko mayu.

A daren nan barci ya ƙaurace mini, karatu kawai nake. Tun 1964 Robert Miller da abokan aikinsa suka lura yara masu sankarar Wilms sun fi sauran yara zuwa ba zoben ido. Abin da ya sa na miƙe tsaye shi ne aikin Walter Gehring a Basel, 1995: ya kunna takwarar PAX6 a jikin ƙuda, sai ga idanu sun tsiro a ƙafafu da fukafukai. Ya gwada da ta ɓera, ita ma ta fito da ido, kuma idon ƙuda ne, ba na ɓera ba. Subhanallahi!