Kalmar "Sorry": Jaje Ce Ko Tuba?

Daga cikin kalmomin Turanci da suka zama ruwan dare a bakin 'yan Nijeriya, ban san wadda ta fi "sorry" saurin fita ba. Wanda ya yi tuntuɓe a ce masa "sorry", mai atishawa a ce masa "sorry", wanda aka taka wa ƙafa a cikin motar haya shi ma "sorry". Kalma guda ce, amma ɗawainiyar da take yi ta fi ta jakin Kano, kuma na daɗe ina zargin cewa a cikin yawan aikin nan nata akwai inda gaskiya ke ɓuya.

Bari mu fara da asali. Kalmar ta samo tushe ne daga "sarig" ta tsohon Turanci, wadda ita kuma ta fito daga "sar", wato ciwo ko miki, kakar kalmar "sore" ta yau. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce mutumin da zuciyarsa ke ciwo. Daga baya ne ta haifi rassa. Akwai "sorry" ta jaje, wadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Akwai ta neman gafara, wadda mai laifi ke furtawa. Akwai ta tambaya, idan ba a ji abin da aka faɗa ba, kamar yadda Bahaushe zai ce, "Na'am?" Akwai ta ƙin amincewa cikin ladabi, irin ta mai shago da ba ya ba da bashi. Har ma akwai ta raini, domin Bature kan siffanta abin da ya lalace ko ya zama abin tausayi da ita.

'Yan'uwanta kuwa kowace da gonarta. "Apologise" ta mai amsa laifi ce, "regret" ta mai takaicin abin da ya faru ce ko da ba shi ya aikata ba, "pardon" da "excuse me" su ne gafara dai, "condolence" kuma ta'aziyya. Ita "sorry" kaɗai ce ke shiga kowace gona ta fita.

A makarantar sakandare mun yi wani malamin Turanci da yakan tsawata idan ɗalibi ya ce wa wanda ya faɗi "sorry". Yakan ce, "Kai ne ka ka da shi?" A wajensa kalmar ta mai laifi ce kawai, kuma gaskiya ne cewa mutumin Ingila ba kasafai yake amfani da ita haka ba. To amma da na zauna a Kudu, na ji Yarbawa suna "pele", Inyamurai suna "ndo", mu kuma muna "sannu", sai na gane cewa al'adarmu ce ta nemi mazauni a cikin baƙon harshe, kuma ta sauka daidai kan ma'anar asali: ciwonka ya taɓa ni. Wannan amfani bai dame ni ba ko kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne mai laifi ya fake da jaje. Wani ofishi ya taɓa ɓatar mini da takardu, na yi wata uku ina zarya. Ran da magana ta fito fili, akawun ya dube ni ya ce, "Sorry, Malam." Har yau ina tambayar kaina: sannu ya yi mini, ko tuba ya yi? Kalmar ta ba shi damar wucewa ta tsakiya, bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar magana ce, domin manyan ƙasashe ma sun yi kokawa a kanta. A watan Afrilu na 2001 jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin, matuƙin Sin ya halaka, aka tsare ma'aikatan jirgin Amurka 24 a tsibirin Hainan har kwana 11. Sin ta nemi a ba ta haƙuri a hukumance. Amurka ta rubuta wasiƙa mai ɗauke da "very sorry" sau biyu. Sin ta shaida wa jama'arta cewa an tuba, Amurka ta shaida wa nata cewa juyayi kawai ta nuna, aka saki mutanen. A Ostareliya kuwa, bayan rahoton 1997 kan 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu, Firayim Minista John Howard ya ƙi neman gafara da sunan gwamnati, ya tsaya a kan "regret", sai a ranar 13 ga Fabrairu, 2008 Kevin Rudd ya furta "sorry" a majalisa. Haka nan a 2013 Birtaniya ta biya fam miliyan 19.9, wato diyyar 'yan Kenya 5,228 haɗe da kuɗin shari'a, saboda azabtarwar zamanin Mau Mau, amma da "regret" ta yi magana, ba ta amsa alhaki a shari'ance ba.

Hausa ta raba waɗannan hanyoyi. "Sannu" daban, "Allah ya jiƙan rai" daban, "na tuba" daban. Sai dai mu ma muna da maɓoya, wato "yi haƙuri". Duba da kyau: wanda aka cuta shi aka ɗora wa aikin, mai cutar kuwa bai ambaci kansa ba. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shawarata ga mai jin harsunan biyu ita ce, ya yi ta rabon "sorry" ta jaje ba tare da jin kunya ba, domin tausayi ba kuskuren nahawu ba ne. Amma ranar da laifin nasa ne, to, ya kira abin da sunansa, ya ce, "Ni na yi, ka yafe mini." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.