Yamai: Daga Tashar Wadata Zuwa Pabiyon E

Wanda ya taso daga Maraɗi za shi Yamai, yana da tafiyar kilomita fiye da 600 a gabansa. Mota za ta bi da shi ta Madawa, da Ƙwanni, da Dogon Dutsi, da Doso, kafin ya hango fitilun babban birni. Yawancin masu wannan tafiya ƴan kasuwa ne da ƴan cirani. Amma akan samu wani matafiyi na dabam a cikinsu: dattijo riƙe da hannun ɗansa wanda ya yi gum tun daga gida, ko kuwa wanda bakinsa bai huta ba dare da rana. Waɗannan asibiti suka nufa.

Yamai garin bakin kogi ne. A 1926 ta zama babban birnin ƙasa, a 1970 kuma aka buɗe gadar Kennedy wadda ta haɗa ta da Harobanda, watau ƙetaren ruwa da Zabarmanci. Baƙon da bai ji Zabarmanci ba kada ya damu, Hausa za ta kai shi ko'ina, tun daga tashar Wadata har kasuwar Katako. Abin da zai fara lura da shi hayaniya ce da zafi. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, barci ya gagara, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Abu na biyu kuwa, a bakin kasuwanni da mararrabar hanyoyi zai ga mutane cikin tsummoki, gashi ya dunƙule, suna tsince-tsince. Yara suna kiransu mahaukata. Kowane daga cikinsu yana da gari, yana da uwa, kuma ba da tsumma ya fara ba.

Babban Asibitin Ƙasa yana kan tudu, kusa da Gidan Tarihi na Bubu Hama, ba nisa da gadar Kennedy. Tun 1922 aka kafa shi. A ciki akwai sashen masu ciwon taɓin hankali, wanda kowa a Yamai ya sani da sunan Pabiyon E. Sunan ya zama abin zolaya a gari, har in mutum ya yi shirme sai a ce a kai shi can. Wannan zolaya ba ta da kyau, domin ita ce take sa mutum ya ɓoye ciwonsa har ya yi nisa.

Mai zaton zai tarar da ihu da doke-doke kaɗai zai yi mamaki. Da yawa daga masu zuwa ganin likita da ƙafarsu suke zuwa, cikin tufa mai tsabta. Kukansu kusan iri ɗaya ne. Barci ya ƙaurace. Abinci ba ya shiga, jiki yana ramewa. Gaba tana faɗuwa ba dalili, tsakiyar kai tana zafi, wani ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo cikin jikinsa. An auna jini, an duba zazzaɓin cizon sauro, ba a ga kome ba. To, sau da yawa damuwa ce ta fito ta jiki, kuma in ta daɗe tana taimakon hawan jini. Likitoci sun ce baƙin cikin da ya kai mako 2 bai sauka ba, har ya hana mutum gona ko hira da iyalinsa, ya zama ciwo. In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani nau'in ciwon.

Akwai mai tsanani, inda mutum yake jin muryoyin da ba wanda ya ji, ko ya ƙi tuwon gidansu wai an sa masa guba. Akwai na mai jego, wadda kwanaki kaɗan bayan haihuwa take rikicewa ta ƙi jaririnta. Ita ba muguwa ba ce, marar lafiya ce, kuma galibi tana warkewa. Sai dai a kula: ruɗewa tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce, irin wanda ya addabi Yamai a 2015. Wannan gaggawa yake so.

Garin kansa yana nuna inda wahalar take fitowa. Unguwar Lazare nan ne aka tsugunar da makiyayan da farin 1973 da 1974 ya cinye wa dabbobi. A Satumban 2020 kogi ya cika har ma'auni ya kai mita 7, ruwa ya karya madatsa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoi, jama'a suka koma makarantu da tantuna. Gida yakan ginu cikin shekara, amma wanda katanga ta faɗi a gabansa da tsakar dare, ya kan daɗe yana firgita in hadari ya taso. Ga kuma samarin ƙauye masu tura amalanke da dako. Don su jure aiki wasu suna haɗiyar ƙwayar tiramol, ita kuwa tana kama mutum ta zama jaraba, tana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Yaro ya tafi neman kuɗin haraji da na aure, ya komo ba kuɗi ba natsuwa.

Kafin a iso Pabiyon E, yawanci an riga an zaga. An je wurin malam an sha rubutu, an je wurin boka ko ƴan bori, Zabarmawa kuma sun je wurin zima. An sayar da akuya, wani har da gona. Addu'a ba ta hana magani, magani kuma bai hana addu'a ba. Abin da ba shi da amfani shi ne mari da sarƙa da bulala. Turu yana cinye ƙafa, ba ya taɓa ciwon.

Wanda zai kawo marar lafiya ya fara da likitar garinsu, a ba shi takarda. Mutanen gabas su tambaya tukuna, domin babban asibitin Damagaram ma yana da irin wannan sashe. Ɗan rakiya ya zama wanda ya san yadda abin ya fara, don shi likita zai yi wa tambayoyi: yaushe barci ya yanke, me yake sha, an taɓa yin haka a dangi? Ya zo da guzuri da tabarma, jinya ba ta kwana ɗaya ba ce. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Wani yana sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba. In an ga haka sai a koma wurin likita ya gyara. Mafi yawan masu komowa asibiti a karo na biyu, sauƙi suka samu sai aka ajiye magani, ko kuwa ya ƙare ana tsakiyar noma. Saboda haka kafin a bar Yamai a tambayi likita inda za a riƙa samunsa kusa da gida, a kuma adana takardar da aka rubuta ranar komowa.