Azbin, Ƙasar Duwatsu A Tsakiyar Hamada

Mazauna Mushin da Agege da sauran unguwannin Hausawa na Ikko sun saba ganin Buzaye da rawunansu suna gadin gidaje, musamman tun bayan farin 1973 da ya kashe musu dabbobi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ƙasar da yawancinsu suka baro, watau Azbin, wadda ke arewacin Jamhuriyar Nijar.

Azbin ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu da hamada ta kewaye. Dutsen da ya fi tsawo yana kan tudun Bagzan, tsawonsa mita 2,022. A lokacin ɗari sanyin can yakan kai ruwa ya daskare. Idan damina ta faɗi, ruwa yakan gangaro cikin ƙoramu, shi ya sa ake samun rijiyoyi da lambuna. A garin Timiya ana noman dabino da lemo da rumman, akwai kuma inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Babban birnin ƙasar shi ne Agadas, mazaunin Sarkin Azbin tun ƙarni na 15. Hasumiyar masallacinsa ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihi na duniya. A 1916 Kawsan ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin, sai a watan Maris 1917 suka kore shi.

Dangantakarmu da Azbin daɗaɗɗiya ce. Gobirawa sun ce daga can kakanninsu suka taso. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu, har Agadas. Ayarin raƙuman Azbinawa kuwa shi ke ɗauko gishirin Bilma ya kawo ƙasar Hausa, ya koma da gero da turkuɗin Kano. Har yau Hausa ake ciniki da ita a kasuwar Agadas.

Sai dai tawayen 1990 da na 2007 sun kori masu yawon buɗe ido, masu yi musu jagora da maƙeran azurfa suka rasa abin yi. Wanda ya yi niyyar zuwa, hanyar Kano zuwa Damagaram ce za ta kai shi, amma ya fara binciken lafiyar hanya, ya kuma nemi ɗan ƙasa ya raka shi.