Tambayar da wata ɗaliba ta yi mana a Dadin Kowa



A hutun da ya wuce mun kwashi ɗaliban da ƙungiyarmu ke yi wa darasin hutu, 'yan aji biyar da shida na sakandare, muka kai su Dadin Kowa su ga madatsar ruwa. Niyyarmu su buɗe ido, su ɗauki hoto, mu dawo Gombe kafin la'asar. Muna cikin yi musu bayani cewa a nan ake samar da wutar lantarki har megawat 40, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa jiya da fitilar waya na yi karatu?" Yara suka fashe da dariya. Mu manya kuwa sai kallon juna, aka rasa mai amsa.

Abin ya tsaya mana a rai. Mun taso muna jin an ƙaddamar da kaza, an sa hannu a kan kaza, mu yi tafi mu watse. Ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake auna babban aiki, shi ya sa mu ma ba mu koya wa 'ya'yanmu ba. Da muka dawo sai muka ware Asabar huɗu, kowace da tambayarta.

Ta farko: yaushe aka fara, yaushe aka ci moriya? An gina madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, amma sai da aka haura shekara 30 kafin ta fara ba da wuta. Aikin Mambila a Taraba, wanda da farko aka tsara zai ba da megawat sama da 3,000, tun muna yara ake zancensa, har yau muna jira. Yaran suka gane cewa bikin ƙaddamarwa daban, wuta a gida daban.

Ta biyu: megawat 40 ɗin nan, me zai iya ɗauka? Muka ba su lissafi. Megawat ɗaya kilowat 1,000 ne. Idan kowane gida ya ja kilowat ɗaya, gida 40,000 ke nan, ba a zo kan masu niƙa da masu walda da asibitoci ba. Kuma wannan adadi iyakar ƙarfin injin ne idan ruwa ya wadata. Da rani ruwan na ja baya, ga shi da shi ake noman rani, daga nan kuma ake turo wa Gombe ruwan famfo.

Ta uku: ina wutar take zuwa? Tana hawa babban layin ƙasa ne, a haɗa ta da ta sauran tashoshi, sannan a raba. Don haka kusanci da madatsa ba ya sa unguwa ta samu wuta idan taransifoma ta ƙone ko wayoyi sun tsufa. A nan ɗalibarmu ta samu rabin amsarta.

Ta huɗu ita ce mai nauyi: wa ya ɗauki asara? Da aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Bussa, aka tashi dubban mutane. Mun kawo wannan ne saboda Kolmani, a iyakar Gombe da Bauchi, inda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022. Duk wanda ya ji halin da ƙasar Ogoni ta shiga ya san tun kafin a yi nisa ake tambayar makomar gona da rijiya da burtali, don tun ran gini ake zane.

Ba adawa da ayyukan nan muke koya wa yara ba. Muna son wuta, muna son aikin yi. So muke ranar da aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan wani aiki, a samu ɗanmu ko 'yarmu da za su miƙe su yi tambaya mai ma'ana.

Za mu maimaita darasin a hutu mai zuwa. Injiniyoyi da malaman lissafi da ke cikinmu, da dattawan da suka ga lokacin gina madatsar da idonsu, muna roƙon ku ba mu Asabar ɗaya. Mai niyya ya sanar da mu a taron wata. Allah Ya yi wa yaranmu albarka.

Sakataren ƙungiya