Tsirkiya Mai Riga da Ƙugin Majami'a

A cikin kayan kiɗan ƙungiyar mawaƙan makarantarmu, babu wanda ake mantawa da shi kamar jitar bes. Jama'a sukan yaba wa mai ganga da mai fiyano, amma mai bes yana can baya kusa da bango, ba mai kula da shi sai ranar da bai zo ba, sa'an nan kowa ya ji waƙa ta zama kamar miya ba gishiri. Tun da yake ni aka danƙa wa kula da kayan nan, ban da aikina na koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwa, na ga ya kyautu in rubuta abin da ya kamata a sani game da tsirkiyoyinta, gama 'yan aji shida suna gab da fita, kuma da yawansu su ne za su riƙe jita a ikkilisiyoyin garuruwansu.

Bes ɗin da aka saba da ita tana da tsirkiya huɗu, wato E, A, D da G. Mafi kaurinsu, E, tana kaɗawa kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mutum yakan ji ta a ƙirji kafin ya ji ta a kunne. Kowace tsirkiya wayar ƙarfe ce da aka naɗe da wata wayar. Sa'ad da Leo Fender ya fito da jitarsa Precision Bass a Amurka a 1951, shimfiɗaɗɗen naɗi ake yi, mai santsi a hannu, mai murya a ƙasa. Irinta ce James Jamerson ya yi amfani da ita a faifan Motown, kuma an san shi da barin tsirkiya ta yi shekaru bai canja ta ba. A 1966 kamfanin Rotosound na Ingila, tare da makaɗi John Entwistle, ya fito da mai mulmulallen naɗi, mai kaushi da murya tangaran. Ita ce ta cika kasuwa har yau. A cikinta akwai ta nikel, akwai ta ƙarfe marar tsatsa. Ta biyun ta fi kaifin murya, amma tana cin yatsa, tana kuma cin ƙarafunan wuyan jita. Ga ɗalibi mai koyo, ni dai ta nikel nake zaɓa.

Lambobin da ke jikin kwali, misali 45 zuwa 105, kaurin tsirkiya ne, an auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wannan shi ne matsakaici, kuma ya ishe mu. Kafin a aiki wani kasuwa, sai a auna tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki, wato ƙarfen nan da tsirkiyoyi suke hawa a gindin jita, kamar dai jakin garaya. Yawancin bes inci 34 ne, amma akwai gajeru masu inci 30. A kuma yi hankali da wadda ta cika araha, gama jabu ta yi yawa, kuma kwalinta yakan fi na gaske sheƙi.

Babban maƙiyin tsirkiya shi ne gumi. Jitar makaranta kuwa ba ta da mai ita. Wannan ya taso daga filin ƙwallo ya ɗauka, wancan ya gama cin ƙosai ya ɗauka. Dauɗa takan cika tsakanin naɗin, da damina tsatsa ta biyo baya, kafin zango ya ƙare murya ta dushe. Makaɗa da yawa sukan dafa tsofaffin tsirkiyoyi cikin ruwa domin dauɗar ta fita, murya takan dawo na ɗan lokaci, amma ba ta daɗewa. Don magance wannan ne kamfanin W. L. Gore na Amurka ya fito da tsirkiyar Elixir a 1997, wadda aka lulluɓe da wata roba siririya ƙwarai, daga baya wasu kamfanoni suka bi sahu. Mu a nan mukan ce da irin waɗannan tsirkiya mai riga. Ta fi tsada, amma tana daɗewa.

Bara kwamitin majami'a ya yarda aka cire kuɗi daga baiko aka saya mana mai riga. Ran Lahadi ta fari waƙa ta yi daɗi. Amma da fasto ya ce mu yi addu'a, wuri ya yi tsit, sai aka ji lasifika tana ta zuuu kamar an tone gidan zuma. Yarinyar da ke kaɗa bes ta dafe tsirkiyoyin da tafin hannu, yadda ta saba yi kullum ƙugin ya ɗauke, amma a ranar bai ɗauke ba. Bayan sujada wani dattijo ya ce a mayar wa mai shago kayansa. Wasu ɗalibai suka ce jabu aka sayar mana, wasu suka ce amfilifaya ce ta ƙone. Kuɗin baiko ba abin wasa ba ne, don haka maganar ta kai har ofishin shugaban makaranta.

Ga abin da yake faruwa. Wutar lantarkin ƙasarmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma duk wayar da ke ɗauke da ita tana baza wannan motsi cikin ɗaki. Jikin mutum, da yake ruwa da gishiri ne, yakan kwashe shi kamar eriyar rediyo. Mai kiɗa kuwa ya rungume jita a cikinsa, dab da fikof, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla domin ya kama motsin tsirkiya (ba motar ɗaukar kaya nake nufi ba). Masu ƙera jita sun san da haka, sai suka sa wata 'yar waya a ƙarƙashin jaki wadda ta haɗa shi da wayar ƙasa ta amfilifaya. Da zarar ka taɓa tsirkiya tsirara, abin da jikinka ya kwaso sai ya bi ta jaki ya sauka ƙasa, ƙugi ya ɗauke. To, roba ba ta barin lantarki ya wuce. Idan tsirkiya tana da riga, yatsanka roba yake taɓawa, ba ƙarfe ba. Ashe tsirkiyar ba ta kawo ƙugin ba. Yana nan tun da, hannun yarinyar ne yake rufe shi duk shekarun nan.

Gwajin ba shi da wuya, kowane ɗan aji ɗaya zai iya. Ɗaga hannu daga tsirkiya, ka taɓa jaki, sa'an nan ka taɓa ƙarfen bakin da ake soka wayar amfilifaya. In ƙugi ya ɗauke a duka biyun, jitar lafiya take, rigar ce kawai ta shiga tsakani. In ya ɗauke a bakin wayar amma bai ɗauke a jaki ba, 'yar wayar ƙarƙashin jaki ta tsinke ko ta kwance, sai a kai wa mai gyaran rediyo ya duba da mita. In bai ɗauke ko'ina ba, a canja wayar amfilifaya, a kuma duba soket. Akwai kuma wani ƙugi dabam wanda taɓawa ba ta yi masa kome, amma in ka juya jikinka da jitar sai ya ragu ko ya ƙaru. Wannan fikof ne yake kamawa kai tsaye daga taransifoma, ko sitabilaiza, ko dogon ƙwan fitila. Matsawa nesa ne maganinsa. Fender ya raba fikof ɗin Precision gida biyu a 1957 domin ɓangarorin su kashe wa juna wannan ƙugi. A jita irin Jazz Bass ta 1960, mai fikof biyu, sai an buɗe dukansu daidai wa daida kafin ya mutu. Mai kunnen kiɗa zai lura muryar ƙugin tana dab da G na ƙasa, wanda ke kaɗawa sau 49, kuma in janareto ya fara shaƙewa, ƙugin ma yakan sauko da murya.

Wasu sukan kankare rigar a inda tsirkiya ta hau jaki. Ban ga amfanin wannan ba, tun da yatsa ba can yake taɓawa ba, ga shi kuma an buɗe wa tsatsa ƙofa. Abin da muka yi shi ne, muka sa mai gyara ya shimfiɗa takardar tagulla mai gam a cikin ramukan jitar, ya haɗa ta da wayar ƙasa da dalma, ta zama kamar shinge. Kuɗin aikin bai kai na sababbin tsirkiyoyi ba. Kafin a gama kuwa, yarinyar takan ɗora gefen hannunta a kan jaki, ko ta rufe murya gaba ɗaya a lokacin addu'a.

A wajen binciken nan ne muka tarar wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya domin ya shiga soket mai rami biyu. Ya ku ɗalibai, a nan nake roƙo ku saurara da kyau. Ƙafar nan ita ce wayar ƙasa. Tsirkiya a haɗe take da jikin amfilifaya, saboda haka in wuta ta zubo a ciki, kuma babu hanyar ƙasa, ta jikin mai kiɗa za ta bi, musamman in leɓensa ya taɓa makirifo, ko yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai laima. A 1972 wuta ta kashe makaɗin jita Leslie Harvey a kan dandamali a Suwansi ta ƙasar Birtaniya, sa'ad da ya taɓa makirifon da ba shi da wayar ƙasa, yana da shekara 27. Rigar tsirkiya ba za ta kāre kowa daga irin wannan ba, gama siririya ce, tana kuma goguwa. Duk wanda ya ji makirifo ya tsikare shi a leɓe, ya ajiye jita, ya kashe wuta daga bango, ya kira malami. An sauya fulogin da soket ɗin a makon nan, tsirkiyoyin kuwa suna nan a jikin jitar har yanzu, sun shiga zango na uku. Akwai tsumma a cikin jakarta, wanda ya gama kiɗa ya goge su kafin ya rataye.